Sunan Mai Amsa Kiran Unguwa

Tun da aka kafa dokar, kowace unguwa sai ta saka mutum ɗaya a rajistar intanet a matsayin mai amsa kira. Na unguwar Gwaggo Hansatu ɗanta ne na fari, Lurwanu, wanda ya rasu da damina. Rajista ba ta san mutuwa ba. Kullum sai ta kira shi, da ta ji shiru kuwa ta fara rage wutar layin unguwa, har famfon burtsatse ya daina kawo ruwa.

A ofishin rajista, wata ma'aikaciya ta tura wa Gwaggo na'ura gabanta.

"Gwaggo, muryar mahaifiya kaɗai take karɓa. Ki faɗi sunansa a cire shi, a saka wani."

"Yaron nan," in ji Gwaggo.

Na'urar ta ce babu wannan suna.

"'Yar nan, ɗan fari ne fa! Tun da na haife shi bakina bai taɓa kama sunansa ba. Ke ki faɗa mana."

"Wallahi na gwada, Gwaggo. Ba ni da iko."

Gwaggo ta tuna matan da ta baro a bakin famfo da bokitai. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Lurwanu."

"Na'am," in ji na'urar, da muryarsa da aka ɗauka tun ranar rajista. "Ni ne mai amsa kiran unguwa."

Sai allon ya nuna an goge.

Gwaggo ta matso. "A sake min, in ƙara kiransa."

Ma'aikaciyar ta sunkuyar da kai. "Babu shi a ciki yanzu, Gwaggo."