Kanar da Kofur a Kan Layi

Kanar ya sake ƙwato gadar nan kafin a tafi talla. Karo na nawa ke nan a watan, Auta ta daina lissafi. Ta kurɓi ruwa, ta bar shi yana ta zuba a layi na ɗaya.

Auta ce ke gabatar da shirin sharhin yaƙi a wani ƙaramin gidan rediyo da ke saman shagon taya. Da rikicin kan iyaka ya ɓarke, Manaja ya danƙa mata shirin, ya ce masu sauraro su riƙa bugo waya. Makon farko wayar ko tari ba ta yi ba. Auta ta yi ta maimaita lamba har muryarta ta dishe, ta koma gida ta kifa kai a kan keken ɗinkin babanta ta sha kuka. Tsohon bai ɗago daga wandon da yake wa kalmasa ba. Ya ce, "Share hawayenki, za a kira."

Washegari kuwa sai ga Kanar. Hafsa ne mai ritaya, in ji shi, ɗan a-mutun jam'iyya mai mulki, muryarsa na amo kamar daga cikin bokiti. A wurinsa soja ba ya gudu, sai dai ya sauya wurin tsayuwa cikin hikima. In an rasa gari, ya ce tarko ne aka ɗana wa abokan gaba. In an rasa biyu, ya ce tarkon ne ya faɗaɗa.

Yana ajiye waya Kofur ya shigo a layi na biyu. Shi kuma ɗan adawa ne na ƙin ƙarawa, in yana magana iska na tsere masa ta baki. "Wannan Kanar ɗin," in ji shi, "ko faɗan zakaru bai taɓa rabawa ba. Tankokin da yake ƙirgawa ku duba tumbin minista, suna can a fake." In sojoji sun ci gari, Kofur ya rantse dama babu kowa a ciki sai awaki.

Gari ya rabu biyu. Masu aski suka bi Kanar, direbobin tasi suka bi Kofur, masu ba da talla a rediyo suka bi Auta. Kanar ya kafa sharaɗi ba zai haɗa layi da ƙaramin soja ba, don haka sai ɗaya ya sauka ɗaya ke hawa. Injiniyan gidan rediyon ya yi ta mitar wata fanka da ke ƙugi a bayan kowannensu, daga baya ya haƙura, ya ce fankokin garin nan duk ciwonsu ɗaya.

A gida kuwa Baba ko sau ɗaya bai yaba shirin ba, abin yana ci wa Auta rai. "Ni ina ruwana da siyasa? Lokacin nan nake ɗan kishingiɗawa," yake cewa. Ƙanwar mahaifiyarta da ke zaune da su ta tabbatar: da an fara shirin yake shigewa ɗaki da babban kofinsa na silba, ya turo ƙofa. Ta ce tsufa ya kama shi, har haƙoran robarsa yake cirewa da rana tsaka.

Sai Manaja ya zo da dabara. Wani mai sayar da katifa ya kama zaure, za a zaunar da Kanar da Kofur gaba da gaba, a watsa kai tsaye. "Ki kawo min su ranar Asabar," ya ce, "ko ki kawo min makullin ofis."

Ta gayyace su a iska. Kanar ya ce dalilan tsaro sun hana shi bayyana fuska. Kofur ya ce ba zai zauna ƙarƙashin rufi ɗaya da ɗan amshin shatan gwamnati ba. Ta yi ta kiransu bayan shiri, wayoyin a kashe. Manaja ya fara gwada wata yarinya a kujerarta, a gabanta.

Ranar Juma'a da yamma Auta ta shigo gida, ta zube kusa da keken ɗinki. Fankar ɗakin na ta ƙuginta. "Baba, aikin nan ya tafi," ta ce. Don dai kada ta zauna haka, ta sake danna lambar Kanar.

Wani abu ya ɗauki ruri a ƙarƙashin tarin yadi, inda wayar caji ta nutse. Yau an manta ba a kashe ba. A hankali ta katse, ta danna lambar Kofur, aljihun rigar Baba ya amsa.

Tsohon ya ajiye almakashi, ya jawo kofin silba da hannun dama, ya kai na hagu ga haƙoransa, ya ce, "To Auta, da wanne za ki fara magana?"