Igiyar Cajin Marigayi

Uwani, aminiyata, tunda kin ce ƙanwarki ta daina ɗaga miki waya har kin fara ƙullatar ta, matso ki ji wani misali.

Akwai wata mata da mijinta ya rasu da tsakiyar damina, ta shiga takaba. Da aka yi sadakar bakwai 'yan zaman makoki suka watse, gida ya koma daga ita sai kaji sai tabarmar sallah. 'Ya ɗaya Allah ya raya mata, ita ce kuma ta fari, tana aure can Fatakwal. Lokacin rasuwar cikinta ya tsufa, ba halin shiga mota, don haka ba ta zo ba, abin kuwa yana cin ta a rai. Kullum bayan la'asar takan kira uwar. To a unguwar ba a kawo wuta sai da hantsi, kafin a sauke tukunya an ɗauke. Da matar ta ga ƙwan fitila ya kama sai ta yi maza ta sa wayar a caji, da wata igiya ja, doguwa, mai saƙa kamar zaren carbi, wadda ta saya a hannun mai talla saboda kyanta. Alamar caji takan fito, ita kuwa ta ɗauka ai shi ke nan. Amma in yarinyar ta kira, aka gaisa, aka tambayi jiki, da zarar ta ɗauko zancen babanta, sai wayar ta mutu. Uwa ta zauna riƙe da baƙin gilashi, ta ce wayar ce ta tsufa, Allah ya sa haka shi ya fi alheri. Can kuwa yarinya ta ɗauka kashewa ake yi, fushi ake da ita don ba ta zo ba. Sau ɗaya uwar ta ce mata caji ne ya ƙare, ta amsa da to, irin to ɗin nan da ba a yarda ba. Kin kuwa san 'yar fari. Ko sunanta uwar ba ta kamawa, balle ta buɗe baki ta ce ina kewarki, kar ki daina kirana. Fita neman mai gyara kuma ba dama. Kira ya koma jefi-jefi, har ya zama sai ranar Juma'a, shi ma gaisuwa ce kawai.

Wata rana wata mai zuwa ta'aziyya ta ari igiyar, ta tafi da ita a jaka bisa mantuwa. Washegari aka kawo wuta, ga waya a mace, ba igiya. Matar ta daɗe tana kallon jakar marigayi da ke rataye a ƙusa, wadda hannunta bai taɓa ba tun ranar da aka fita da shi. Ta yi bisimilla ta sauke. Ga hula, ga asuwaki, ga kwalbar turare, a ƙasa kuma igiyar cajinsa, gajera, kakkaura, fara amma ta koma ruwan ƙasa don tsufa. Wannan igiyar ce ta zo tare da wayar a kwali, don dama wayar tasa ce kafin ya ba ta. Ta soka ta a kan cajar da ta saba. Sai ta ga alamar cajin nan mai kama da walƙiya ta zama biyu, lamba tana hawa tana kallo. Kafin ta gama tankaɗe caji ya wuce rabi.

Da aka dawo mata da jar igiyar, ba ta yi saurin yanke hukunci ba. Ta jira wuta. Soket ɗaya, kan caja ɗaya, waya ɗaya, igiya kaɗai take canzawa. In ta sa ja, lamba ta toge kamar jaki a bakin rafi. In ta sa fara, ta kama tafiya. Ta kai su bakin ƙofa ta juya a haske, ta ga an buga wasu 'yan lambobi a bakin farar, jar kuwa ba komai, ga ta shafal kamar sillen kara. Nan ta gane. Mazurari biyu duk ruwa na wucewa ta cikinsu, amma in wuyan ɗaya ƙunci gare shi, ruwan sama zai ɗauke tulu bai cika ba.

Ran Juma'a yarinyar ta kira, ta gaida uwar a sanyaye. Ta ambaci babanta, sai ta yi shiru, tana jiran a kashe. Ba a kashe ba. Uwa ta ce, "Ina jin ki. Faɗi." Yarinya ta fashe da kuka, ta zazzage duk abin da ta tara tun ranar rasuwa, uwa na saurare, hawaye na sauka a kan mayafi, har aka kira magariba. Can ta ce, "Inna, wallahi na ɗauka kin yi fushi da ni." Uwa ta ce, "Igiya ce. Allah ya sauke ki lafiya."

To kin ji, Uwani. Kafin ki ɗora wa zuciyar mutum laifi, duba abin da ke tsakaninku tukuna. Masu iya magana sun ce, sai an gwada akan san na ƙwarai. Amma don Allah ki bar shi a nan, kar ki faɗa wa kowa. Matar tana nan da ranta, kuma mai kunya ce.