Gambo Ba Ya Zama

Tsuntsu kawai ya gifta ta taga, Gambo ya manta ana darasi. Kafin wani ya ankara ya isa bakin ƙofa yana leƙen inda ya sauka, aji kuwa ya kaure da dariya.

Haka yake tun yana rarrafe. Ba mugunta ba ce, ba kuma rashin ƙwaƙwalwa ba, zama ne dai Allah bai hore masa ba. Ya fara abu ya bari, ya ajiye littafi a neme shi har akurkin kaji. Shekara uku ke nan yana aji huɗu a wata firamare da ke gefen Gwashi, ba gaba ba baya.

Ranar da ya bi mai tallan rake ya bar makaranta tun kafin a tashi tara, haƙurin hedimasta Malam Yahaya ya ƙare. Bai taɓa ɗaga masa bulala ba, ranar ma bai ɗaga ba. Cewa kawai ya yi mai duba makarantu zai zo daga Anka bayan kaka, in Gambo ya kuskura ya fice daga aji a gaban baƙo, to ya kwashe littattafansa ya koma gida ke nan.

Mahaifiyarsa, Inna Balaraba, ta ji zancen, ta kasa cin tuwo. Rubutu an sha, hayaƙi an yi, duk a banza. Sai ta sa shi gaba, suka hau motar 'yan kasuwar Gummi har Sakkwato. Can wani likita ɗan Indiya ya yi ta tambayoyi, ya kalli yadda Gambo ke wasa da duk abin da ke kan tebur, ya ba shi ƙananan ƙwayoyi farare, ɗaya kowace safiya.

Magani ya ci, har abin ya ba mutane mamaki. Gambo ya zauna. Ya karanta shafi tun daga sama har ƙasa, tsuntsaye suka yi ta giftawa ba mai kula su.

Sai dai ƙwayar ba ita kaɗai ta zo ba. Da hantsi ya ɗaga sai gabansa ya shiga faɗuwa, tafin hannu ya jiƙe, ya ji kamar an aiko a kama shi alhali bai ɗauki ko allurar kowa ba. Abin tausayi, wanda a da ba ya tsoron komai, yanzu tarin hedimasta ma firgita shi yake.

"Wanga yaro," in ji Inna, "da can ƙahwa ta hana ka zama, yanzu kuma zuciya? Mi anka yi ma?"

"Ba a yi min komi ba, Inna. Tsoro dai nika ji, ban san na mi ba."

Da suka koma, likita ya ce aikin maganin ne. Ya rage masa zuwa rabin ƙwaya, ya ce ya riƙa cika ciki da koko kafin ya sha, ya kuma yi sallama da shayi da goro. Barin goron ya fi komai yi wa Gambo ciwo. Faɗuwar gaba ta ragu, amma ba ta tafi ba.

Sauran maganin wajen Hammadu ya fito, makiyayin da ke kawo musu nono. Ya ga halin da Gambo ke ciki, bai yi dogon zance ba, ya zaro ɓawon rama daga aljihu ya koya masa tufkar igiyar ɗaure maruƙa. In ka murza ka ja numfashi, in ka haɗa ka sauke shi. Tun daga nan Gambo bai ƙara shiga aji ba rama a aljihu ba. Duk sanda zuciya ta fara, sai ya sa hannu ƙarƙashin teburinsa na gaba ya yi ta tufka.

Ranar ta zo. Malam Bature mai duba makarantu ya jingine babur, ya shiga aji huɗu, ya zauna can baya, ya ce yana son ya ga an yi lissafin rabawa a allo. Hedimasta ya dubi Gambo.

Gambo ya miƙe. Allin farko ya karye a hannunsa. Zuciya ta shiga duka, ƙofa na buɗe a gefensa, ƙafarsa har ta juya wajenta. Hedimasta ya runtse ido.

Amma aljihu ya nufa. A tsaye, a gaban kowa, ya zaro rama ya murza, ya haɗa, ya murza, ya haɗa, har numfashi ya daidaita. Sannan ya ɗauki wani alli ya bi lissafin daki-daki, yana bayani, bai tsallake ko layi ɗaya ba.

Malam Bature ya taso ya karɓi igiyar, ya ja ta da ƙarfi. Ashe shi ma ɗan ruga ne.

"Wagga tuhka ta Hilani ta," ya ce yana murmushi. "Ka ƙarasa min ita, ina da rago. Malam Yahaya, wanga kam kada ka bari shi kubce ma."

Murna ta kwashe Gambo. Babur na tashi shi ma ya fice da gudu zai kai wa Inna albishir. Ya kusa kai gindin tsamiyar bakin makaranta sai wata yarinya ta leƙo ta taga ta ƙwala kira:

"Malam Gambo! Mu tashi, ko za ka dawo ka ƙarasa muna darasin?"