Mahauci Yana Jiran Gurgu

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don ban saba magana cikin mutane ba.

Mahauci yana bakin garke da igiyarsa. Ya zo ɗaukar Gurgu, bijimin da na shayar da kwalba tun yana maraƙi. Baba ya ce tunda muna da Ƙato, bijimi mai tsada, ciyar da Gurgu asara ce.

Yaya ya roƙa a jira ya gama saka manhaja a kwamfuta. An gwada gashin wutsiyar shanunmu duka don gano iyayen kowa da ingancin irinsa, Ƙato ya samu babban maki. Manhajar za ta auna makin da madarar 'ya'yansa. In makin ya tabbata, Gurgu ya tafi.

Sau biyu manhajar tana tsayawa. Na ƙanƙame wuyan Gurgu.

"Maigida, rana tana yi," in ji mahauci.

Can Yaya ya ɗago. "Baba, shanun nan masu cika bokiti, babu 'yar Ƙato ko ɗaya."

"To 'ya'yan wa?"

Yaya ya waiwayi Gurgu, wanda ke ta tuƙa abinsa.

Washegari ni na buɗe wa mahauci ƙofa, ya fita da Ƙato.