Ƙwalamar Nasara

Shekarar ta ɓace mini. Na san dai Faransa na riƙe da wannan gaɓa ta kogin Komadugu, Ingilishi na riƙe da waccan, Diffa kuwa ƙauye ce da jaki zai ratsa bai gaji ba. Sunan Nasaran ma ya tafi. Amma warin abin nan yana hancina har yau.

Lokacin na sauka a zauren wani Abbakar, ina karantar da manya. Ciwon bushiya ya share masa garke, ko maraƙi bai bar masa ba. Gidan duka ya zuba ido ga ɗansa Magagi, saurayi mai jin Barbarci da Fulatanci da Hausa, har da ɗan Ingilishin da ya tsinto a kasuwannin ƙetare.

Sai ga wani Nasara likitan dabbobi ya kafa tanti a waccan gaɓa, yana neman tafinta. Jarrabawarsa ta baka ce. Ba ya buɗe littafi, zaunar da mutum yake ya yi ta jan sa da hira. Magagi ya sa rai da aikin. In ya faɗi, sai garin Bosso wajen kawunsa, ya yi ta bandar kifi, ita kuwa ba za ta ciyar da gida irin nasu ba.

Kukun Nasaran, dattijo Kalli, mutum ne mai yawan alwala. Ko tantin maigidansa ba ya shiga saboda karen da ke kwana a ciki. A bakin ƙofa yake ajiye faranti ya juya. Shi ne ya yarda ya gyara wa Magagi harshe. Rani ne, ruwa iya gwiwa, kullum Magagi kan naɗe wando ya haye.

"Tambaya ɗaya yake kayar da mutane da ita," in ji Kalli. "Me kake taɓawa tsakanin abincin rana da na dare? To, ba ni amsa da Ingilishi."

Magagi ya jero masa: soyayyar fara da yaji, goruba, aya, dabinon Maine.

"Fara! Ɗana, ka dubi Nasara ka ce masa ƙwari kake ci? Ai sai ya sa a wanke kujerar da ka zauna."

Ya ɗauko wani gwangwani wanda takardar jikinsa ta ɓare tun a hanya. A ciki akwai wasu biskit masu kauri, ja-ja, da tauri kamar katangar tukunya.

"Ga ƙwalamar manya. Kowace la'asar sai ya ce in kawo biyu. Faranti kuwa fes yake dawowa, kamar an wanke. Ka ce ita kake ci, ya san kai wayayye ne. Amma mutum ba ya yabon abin da bai sani ba. Gatsa!"

Magagi ya taɓa kawo mini ɗaya. Na kai hanci, na ji kamar ƙirgin da aka manta a ruwa, aka haɗa da tsohon ƙashi da kitsen da ya kwana a rana. A ɓarin da ya gatsa har na ga wani abu mai kama da gashi. Ya ce in ɗanɗana. Allah ya rufa asiri ranar Alhamis ce, ina azumi.

Haka suka yi ta yi. Ya gatsa, ya tauna, ya haɗiye, ya ce da Ingilishi: ina son wannan ƙwarai, yana da daɗi, nakan ci shi da la'asar.

"Fuska, ɗana, fuska!" Kalli kan daka masa tsawa. "Bakinka na cewa daɗi, fuskarka na cewa mushe. Sake!"

Sai ya sake, da murmushi, hawaye na zuba. Yana fita sai ya tsuguna bayan gorubai yana kakarin amai. A gida mahaifiyarsa ta ware masa moɗa, ta ce bakinsa na ɓata mata randa. Karen ma ya ƙara masa ƙyama, don da ya hango shi sai ya taho yana goga masa hanci a riga, dole ya wanke ta kafin salla. Amma harshensa ya miƙe, ni da ba na jin yaren ma na ji ya daina tuntuɓe.

Ranar jarrabawa, kamar yadda ya ba ni labari, hira ta yi ta tafiya lafiya har tambayar ta zo. Magagi ya zura hannu a aljihu ya fito da biskit ɗin guda, ya gatsa ƙwaras, ya tauna a hankali, ya haɗiye, ya karanto yabonsa bai yi tuntuɓe ba.

Nasaran ya ƙura masa ido. Ya rufe baki da hannu, ya fita bayan tanti, aka ji shi kamar mai tari. Ya dawo idanunsa jawur.

"Kullum kake ci?"

"Kullum, ranka ya daɗe."

Ya ba shi aikin nan take. Ya ce wanda ya iya magana haka da wannan abu a bakinsa, ba Bafulatanin da zai ruɗa shi. Ya kuma karɓe gwangwanin daga hannun Kalli.

Magagi ya amayar da komai a bakin kogi, bai ƙara taɓa abin ba. Gidan Abbakar ya samu na ci, har suka sake kafa garke. Magagi yakan ce mini, "Malam, mutanen da ke cin wannan don marmari, yaya ba za su mallaki duniya ba?"

Bayan shekaru yawo ya kai ni Yerwa. A wani kanti na ga irin gwangwanin sak, yadda Magagi ya kwatanta mini, da takardarsa a jiki. Na tambayi akawu, ya faɗa mini. Ban yarda ba, na sa ya buɗe na shinshina, na kuma je wani kantin na sake tambaya. Har Magagi ya rasu ban gaya masa ba, Allah ya jiƙansa. Amsar masu kantunan biyu dai ɗaya ce:

"Malam, ai wannan abincin kare ne."