Tara Biyar a Jere

Shekara guda maƙwabta a Badarawa suna jin ƙas-ƙas daga shagon tsoho mai gyaran agogo, sai ranar Laraba ƙarar ta ɗauke. Da suka leƙa, suka tarar ya ƙura wa ɗan carbin latsawa na yatsarsa ido. Salatin da ya yi alwashin kaiwa dubu ɗari ya tsaya a 99,999.

"Saura ɗaya, Baba, latsa mana!" in ji tela maƙwabcinsa.

"Kai dai ɗinki ka sani. Dubi lambar nan, ta gaba da ta baya duk ɗaya. Uku ta raba ta, tara ta raba ta, har arba'in da ɗaya ta raba ta ba saura. Biyu kuwa ta sha kunya."

Kwana biyu ya kasa rabuwa da ita. Ran Juma'a ya raba goro, ya tara mutanen layin, ya rangaɗa salati, ya latsa.

Ashe gurbi biyar kawai carbin yake da shi. Sifili biyar suka zuba wa tsoho ido.

Can tela ya yi gyaran murya.

"To Baba, a can sama ma gogewa ta yi?"