Shafin Mazarƙwaila

Hajiya Zulai ba ta da cinikin da ya kai a buɗe masa shafin intanet, kuma kowa a layinsu na Makarfi ya san haka. Mazarƙwaila take sarowa wurin masu matsar rake, ta jera a faranti a zaure, mai so ya leƙo ya saya. Amma tun da ta yi ritaya daga koyarwa, maigida ya rasu, 'yan matanta suka tafi gidajen aurensu, sai gidan ya yi mata faɗi. Wata rana har kazar maƙwabta take yi wa faɗa, don dai ta ji muryarta ta fita.

Rahama, amaryar da aka kawo gidan da ke kallon nata, ita ta buɗe mata rajista a dandalin da ake ɗaukar masu haɗa shafuka. Hajiya ta ce kada a sa sunanta, kada a sa hotonta, a rubuta "Mai Zaƙi" kawai. Hotunan samari suka yi ta wucewa a waya, kowa da taurarin yabon da aka ba shi da jerin ayyukan da ya yi. Ba ta tsaya karanta na kowa ba. Ta yi ta ja da yatsa har ta iso kan wani Zainulabidin da ke zaune a Legas, ta ce shi ke nan.

"Hajiya, ga waɗanda suka fi shi taurari fa," in ji Rahama.

"Tauraro ba ya aiki, 'yar nan. Taɓa min wannan."

Sharaɗinta guda ne. Ita rubutu za ta riƙa yi, shi kuma ya yi mata bayani da murya, wai idonta ba ya son ƙananan baƙaƙe. Malamar da ta yi shekara da shekaru tana duba rubutun 'yan aji uku, wanda ko kaza ba za ta yi irinsa ba, yau ita ce ba ta gani! Shi dai bai sani ba, ya amince.

Yaron kuwa akwai haƙuri. Ta ce launin ya yi duhu, ya gyara. Ta ce ya yi haske, ya mayar. Kowane gyara da saƙon muryarsa, yana bayani a tsanake kamar mai koya wa yaro karatu. Sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya bayan la'asar, ta kara wayar a kunne, ta saurara, ta sake saurara. Rabin bayanin ba ta gane shi, bai kuma dame ta ba.

A hankali tambayoyinta suka bar shafin. "Malam, ka ci abinci?" "Malam, an ce ruwa ya yi yawa a can, ɗakinka ba ya yoyo?" Malam take ce masa kullum, ko sau ɗaya ba ta rubuta wani abu daban ba. Shi ma ya saki jiki. Ya ce ai shi ɗan yankin ne, a Hunkuyi ya tashi a hannun kakarsa. Ya ce a Legas sai ya wuni bai yi Hausa da kowa ba. Rannan yana dariya ya ce, "Wallahi Hajiya, a duniya ba wanda ya taɓa tambayata ko na ci abinci kamar ke."

Ta saurari saƙon har ƙarshe. Ta kife wayar a kan tabarma, ta daɗe tana kallon ƙasa.

To, aiki ko na gina masallaci ne yana da ranar gamawa. Gyare-gyarenta suka fara ƙarewa. Ta sa ya matsar da hoton faranti hagu, ta sa ya dawo da shi dama. Ta ƙirƙiro shafin alewa da ba ta sayarwa. Daga ƙarshe ya ce, cikin ladabi, ba abin da ya saura, kuma yana jin nauyin ci gaba da riƙe ta a kan aikin da ya riga ya kammala. Ya roƙi su yi kiran bidiyo, ya miƙa mata komai, ya kuma ga fuskar matar da ta ɗebe masa kewa.

Ta rubuta, ta goge. Ta sake rubutawa, ta goge. Abin da ta tura shi ne, "Allah ya yi albarka, Malam." Ta danna masa taurari biyar, dandalin ya rufe aikin, akwatin hirarsu ya daina karɓar rubutu.

Gidan ya koma yadda yake. Ta share tsakar gida da ba ta yi datti ba, ta zauna, ta kunna tsohon saƙonsa na farko.

Yana cikin bayanin launi sai kira ya katse shi, irin kiran gaisuwar nan da ba ya daɗewa. Ta gyara mayafi kamar ana ganinta, ta ɗauka.

"Inna, ina wuni? Ya jiki?"

Muryar Malam ɗin ce dai, sai dai yanzu a takure take, ba dariya a cikinta. Tambayoyi suka cika mata baki, na abinci, na yoyo, na yaushe zai zo.

"Lafiya lau," ta ce, ta yi shiru yadda uwarta ta yi, yadda kakarta ta yi, domin a gidansu mace ba ta hira da ɗanta na fari, ba ta kuma faɗin sunansa.